Yadda Namadi Ya Shafa wa Muryar Tsoho Man Shanu

Namadi mai gyaran rediyo ne a bakin tashar Gummi, amma in kana son ku rabu lafiya kada ka kira shi haka. Injiniya za ka ce. Asalin sunan kuwa, a shekarar da aka koma mulkin farar hula ya bi motar albasa zuwa Kaduna, ya yi kwana tara. Cikin kwana taran nan aka taɓa ɗora masa wani akwati ya shigar da shi ɗakin da ake ɗaukar waƙa. Ya ajiye, ya saki baki yana kallon wani faffaɗan tebur mai maɓallai rututu, har sai da aka ce masa ya fita ya ja ƙofar. Da ya dawo gida, kwana tara suka zama shekara uku, dakon akwati ya zama aiki da Turawa. Waɗanda suka raka shi tasha suka kuma tarye shi a mako na gaba duk suna nan da ransu, amma wannan bai taɓa hana Namadi barci ba.

Wata rana ya tashi da babban shiri. Ya lulluɓe bangon rumfarsa da buhunan algarara, ya jera rakoda biyu a kan benci, ya sa aka rubuta masa allo da jan fenti: SITUDIYON NAMADI, ANA WANKE MURYA. Ya ce nan da baɗi, duk mawaƙin da ke tsakanin Anka da Gummi sai ya zo ya durƙusa a gabansa.

Inna Marka, mai tuwon da rumfarta ke jingine da tasa, ta sa aka karanta mata allon. Ta ce, "Da sabulu ko da toka?"

"Inna, wanga ilimi ya hi ƙarhin tukunya."

"To, Allah shi kawo masu dauɗa."

Wata uku babu mai dauɗa ko ɗaya. Sai ranar wata Talata bayan girbi, Muntari direba, taubashin Namadi, ya tsayar da motarsa ya sauko da wani dogon dattijo riƙe da kaset a ƙulle cikin ƙyalle. Tsoho ke nan, mawaƙin noma na Nasarawar Burkullu. Shekara talatin yana bin manoma gona yana zuga su. Muryarsa irin wadda in ya ɗaga ta a wannan gonar, mai gyangyaɗi a gona ta uku sai ya zabura ya ɗauki galma. Ba ta da daɗi, amma tana da aiki.

Da damina, ranar gayyar Sarkin Noma Tanko, Muntari ya ɗauki waƙar Tsoho da rakodar motarsa. To, ranar Asabar mai zuwa za a yi bikin nunin amfanin gona a Anka, kuma wani ma'aikacin gidan rediyo zai zo ya saurari kaset-kaset na mawaƙan ƙauye a gaban jama'a, wanda ya yi masa ya tafi da shi. Makaɗan Tsoho duk sun tafi cin rani, saboda haka wannan kaset guda shi ne kaɗai abin da ya mallaka. Matsalar ita ce, ranar da Tsoho ya fara jin sa, cewa ya yi, "Wa ka yanka akuya nan ciki?" Da aka ce masa ai shi ne, kwana biyu tuwo bai yi masa daɗi ba.

Ya kwance ƙyallen ya miƙa wa Namadi da hannu biyu. "Ɗana, ni ban son komi sai in ji kaina cikin rediyo ko sau guda kahin in mutu. Amma ba da wanga kaushi ba. Jikokina na saurare."

Namadi ya sa kaset ya danna. Ganguna suka taso raɗau, sannan murya ta faɗo a kansu kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa:

"Tanko na Hure, bajimin gona,
Raggo ya gan ka ya ɓoye kai,
Rana ta gan ka ta sassauta!"

Namadi ya lumshe ido yana kaɗa kai kamar likitan da ya gano cuta. "Tsini ya yi mata yawa. Ga ƙaya, ga tsatsa. Amma ka zo gida, Baba. Na gyara wadda ta hi wagga lalacewa, ta wani Bature ce."

Muntari ya miƙa hannu. "Ni dai a mota, in waƙa ta cika tsawa, wanga ɗan maɓalli nika murɗawa hagu." Ya murɗa. Nan take tsinin ya ragu, murya ta zauna, kalmomi suka fito sarai.

Fuskar Tsoho ta washe. "Yawwa! Haka nika so. A bar ta nan."

Namadi ya kaɗe hannun Muntari. "Taubashi, kai da sitiyari anka san ka. Wanga ai ruhe gyambo da riga ne. In an kai ta Anka, wa za ya bi ta da murɗi? Gyaran gaskiya cikin kaset ɗin aka yin shi." Ya mayar da maɓallin dama, ya cire shi ɗungurungum, ya jefa a aljihu don kada wani jahili ya sake taɓawa.

Dabararsa ita ce ya kunna waƙar a rakoda ta farko, ta biyun ta ɗauka a sabon kaset, a tsakaninsu kuma ya tare kaushin. Ya fara da auduga. Ya cusa ta a bakin lasifika har da dannawa da sukundireba, ya ce ƙayar murya za ta maƙale a ciki kamar ƙarangiya a zane. Da aka kunna, ganguna suka ɓace, Tsoho ya koma kamar mutumin da ɓarayi suka toshe wa baki da rawani.

"Ɗana, mi nika cewa nan?"

"Laushi ke nan, Baba."

Muntari ya ce, "Wanga ba laushi ba ne, neman ceto ne."

Namadi ya ce audugar ce ba ta Kaduna ba. Ya leƙa rumfar Marka, ya ga ta tafi niƙa. Ya tuntsurar da ruwan randarta, ya mirgino ta cikin situdiyo, ya zura rakoda a ciki da igiya, ya kafa ɗayar a baki. "Abin da ka sanyaya ruwa, shi ka sanyaya murya," in ji shi, ya ƙure ƙara.

Abin da ya fito daga randar nan ba a taɓa jin irinsa a Gummi ba. Wani gurnani ne mai amsa-kuwwa, kamar daga ƙasan tsohuwar rijiya. Jakai biyu da aka ɗaure a bakin tasha suka tsinke igiya, suka bi ta kan tiren mai goro. Wani mai alwala ya yar da buta ya shige masallaci da ƙafa ɗaya a bushe. Mata masu tallan nono suka yi cirko-cirko suna salati. Ana cikin haka Marka ta dawo da ƙwaryar gari a ka, ta ga ƙofar rumfarta ta zama fadama, ta bi sawun mirgine har cikin buhuna.

"Wa yas sa mini mutum cikin randa?"

Tsoho ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Marka, amma ba da son raina ba."

"Namadi, randar da nig gada wurin innata? Hid da shi! In ruwana yah hwara waƙar noma, kai za ka sha shi."

"Inna, gwaji aka yi. Turawa ma sai sun gwada."

"Turawan da kay yi wa dako?"

'Yan tasha da suka taru a ƙofa suka fashe da dariya. Namadi ya ce hayaniyar jama'a ce ke ɓata masa aiki, injiniya ba ya aiki ana kallon hannunsa. Ya ce Tsoho ya koma gida ya kwantar da hankali, ranar Asabar za su ɗauke shi a Nasarawa, ya ji muryarsa kamar zuma. Tsoho ya dubi kaset ɗinsa ya daɗe, kamar mai barin ɗiya a hannun wanzamin da bai sani ba, sannan ya bi Muntari.

Washegari Namadi ya zauna ya yi tunani mai zurfi, abin da ya fi haɗari ke nan a duk al'amuransa. Me ke tausasa ƙirgi? Mai. Me ke maganin kaushin ƙafa? Mai. To, kaushin ƙafa da kaushin murya ai duk kaushi ne. Ya faki idon Marka, ya lakato man shanu da yatsa uku daga ƙoƙonta, ya jawo zaren kaset ɗin Tsoho yana shafa masa a hankali, har da bisimilla.

Da ya kunna, muryar ta fara lilo kamar mai waƙa a kan raƙumi. Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta yi tangaɗi. Sai na'ura ta ce ƙurrr, ta tsaya. Ya buɗe, ya tarar ta tauna zaren, ya naɗe a ciki kamar hanjin kaza. Gumi ya karyo masa. Ya ɗauko reza, duk inda ya tauno ya yanke ya yar, ya liƙa bakin da ƙaro, ya naɗe da biro. Kafin ya gama, abin da ya zubar a ƙasa ya isa a yi wa akuya igiya. Ranar Alhamis kuma kiyashi suka gano wurin, ya wuni yana hure su daga cikin waƙar Sarkin Noma.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ce yau za a yi ta ta ƙare. Baturansa duk sun gaji da wahalar kwana huɗu. Ya shanya su a rana, ya ciccije su da haƙori, ya zuba mafi raunin a rakodar da za ta ɗauka. Ya danna jan maɓalli, ya gyara murya, ya yi sanarwa, sannan ya saki waƙar. Bai tuna cewa na'urar ba waƙa kaɗai take ji ba, duk abin da aka faɗa a rumfar nata ne. Daidai lokacin kuwa Marka ta leƙo da ƙoƙon manta a hannu, sawun yatsu uku a ciki, suka shiga cacar baki.

Da ta fita, ya mayar da kaset baya ya saurari farkonsa a wannan gajiyayyar rakodar. Murya ta fito a hankali, mai kauri, babu tsini ko kaɗan. Ya buga cinya, ya kashe don kada batir ya ƙarasa mutuwa. Abin da bai sani ba shi ne, rakoda mai mataccen batir a hankali take jan zare, kuma duk abin da ta ɗauka, in aka sa shi a lafiyayyar na'ura, gudu zai yi.

Ranar Asabar da hantsi Muntari ya cika mota. Marka ta shiga da tukwanenta za ta sayar da tuwo a wurin biki. Namadi ya ɗauki gaba, da baƙin tabarau da sukundireba uku a aljihun ƙirji. A Nasarawa suka ɗauki Tsoho, ya sha sabuwar riga mai shuni.

"Ɗana, a ɗan sa in ji?"

"Baba, ba a buɗe tukunya kahin ta nuna. In iskar hanya tas shiga, kaushin dawowa shikai."

A Anka fili ya cika. Ga dammunan gero da dawa an jingine su kamar bango, ga kabewar da sai mutum biyu, ga bijimai an wanke su. An ɗaura lasifika a kan doguwar sanda, janareto na ruri a bayan rumfa. Sarkin Noma Tanko na zaune a gaba, da ƙatuwar galma a jingine da kujerarsa. Ma'aikacin rediyon, Malam Shitu, mutum ne siriri marar yawan magana. Ya saurari kaset uku, ya yi rubutu, sannan aka kira Tsoho na Nasarawa.

Kafin Tsoho ya miƙe, Namadi ya riga ya kama abin magana.

"Jama'a, ku kun san muryar Baba Tsoho. To, yau ku manta ta. Kwana huɗu nay yi ina wanki. Abin da za ku ji, ko Kaduna sai an yi layi. Malam, ba sai ka taɓa komi ba, an gama maka aiki."

Malam Shitu ya karɓi kaset, ya shinshina yatsunsa, ya dubi Namadi. Ya danna.

Wata 'yar siririyar murya ta tsillo daga lasifika, da sauri kamar sauro ya sha yaji: "Assalamu alaikum, ni ne Namadi Injiniya, mai wanke murya, Gummi bakin tasha!"

Dariya ta fara daga baya. Ganguna suka shigo a guje kamar ana kaɗa gwangwani, sannan Tsoho, da muryar ɗan tsako, yana tsalle daga liƙi zuwa liƙi:

"Tanko na Hure... raggo... ya ɓoye kai!"

Dariya ta yanke. Sarkin Noma ya juya kai a hankali. Kafin kowa ya yi motsi, liƙin ƙaro na gaba ya sake kawo ta: "Tanko... raggo!"

Namadi ya yi wuf zai kashe, Sarkin Noma ya ɗaga hannu. "Bar shi. In ji sauran."

Sauran kuwa ya fi. Wata tsiwa ta ratso waƙar, duk da ƙanƙancewarta kowa ya gane Marka ce: "Ɓarawon mai! Ga yatsunka ukku cikin ƙoƙona!" Sai ɗan sauron ya amsa: "Inna, yi shiru, muryar Tsoho nish shahwa wa. Wagga murya ko kura taj ji ta sai ta bar gari." Marka ta ce, "In Sarkin Noma yaj ji ka lalata mai waƙa hwa?" Ɗan sauron ya ce, "Wane Sarkin Noma? Wanda tumbinai ka riga shi shiga gona?"

Aka kece. Maza suka riƙe ciki, mata suka rangaɗa guɗa, wani Bafillace ya faɗi a kan damin gero yana bubbuga sanda. Marka ta ɗaga muciya daga inda take tuƙi ta ce, "Ni dai kun ji ban ce komi ba sai gaskiya!"

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Namadi, wanda tabarau ya zamo masa har kan hanci, da Tsoho. Dattijon ya zauna a ƙasa cikin sabuwar rigarsa, ya dafe kai. Ya ce a hankali, "Ina nawa kaset ɗin, na asali?"

Namadi ya cire tabarau. "Baba... yana nan. Galibinsa."

Sarkin Noma ya miƙe. Namadi ya dubi galmar, ya dubi hanyar tasha, ya ga jama'a sun toshe ta. Amma Tanko wurin Tsoho ya nufa, ya kama hannunsa ya tashe shi.

"Tsoho, shekara nawa kana mini waƙa?"

"Ashirin da biyu, ranka shi daɗe."

"Na taɓa ce maka muryarka ta yi kaushi? Ni gona nika kai ka, ba ɗakin amarya ba. Tashi ka yi muna ta da bakinka."

"Ba ni da makaɗa."

"Ga su nan cike da hili."

Ya ɗauki galmarsa ya ƙwanƙwasa ta da dutse. Manoma suka zaro fartanyu daga wurin nuni suka kama, mata suka kifa ƙore. Malam Shitu ya kafa abin magana, ya ja shi baya kamar taƙi guda daga bakin Tsoho, ya ɗan karkatar da shi gefe, ya sa sabon kaset. Sarkin Noma ya nuna Namadi da ɗan yatsa. "Kai kuma, mai ganin tumbin mutane, hau buhun can inda kowa ka ganin ka. Kai za ka ja amshi. In nij ji muryarka ta yi ƙasa, gonata na da sauran ƙaiƙayin da za ka kwashe."

Tsoho ya gyara tsayuwa. Ya fara da waƙar Tanko, cikakkiya, raggo ya koma inda Allah ya ajiye shi. Muryar nan ta tsaga fili kamar yadda ta saba, sai dai a lasifika ta fito da kauri ba tsawa. Da jini ya hau, sai ya waiga ya kalli mutumin da ke tsaye a kan buhu, ya sauya kiɗa:

"Wa yat tahi Kaduna kwana tara?"

Fili ya amsa, "Namadi!"

"Wa yad dawo da shekara ukku?"

"Namadi!"

"Wa yas sa ni randa da raina?"

"Namadi!"

"Wa yash shahwa mini mai ban yi kaushin ƙahwa ba?"

"Namadi!"

"Ban ji na kan buhu ba," in ji Sarkin Noma.

"Namadi!" in ji Namadi, da iyakar ƙarfinsa.

Aka yi ta har la'asar. Da aka gama, Malam Shitu ya cire kaset, ya rubuta sunan Tsoho a bayansa, ya sa a jakarsa, ya ce a saurara ranar Laraba ta sama. Tsoho sai share ido yake da hannun riga.

A hanyar komawa an tura Namadi bayan mota, tsakanin tukwanen Marka da buhunan da Sarkin Noma ya ba Tsoho. Har Marka ta ɗan ji tausayinsa, don tun da suka bar Anka kansa a sunkuye yake, leɓɓansa na motsi, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauka istigfari yake yi.

Sun kusa Nasarawa sai ya ɗago, ya ƙwanƙwasa bayan gidan direba.

"Taubashi! Cikin waƙar ga da za a sa a rediyo, sau nawa anka ambaci Sarkin Noma?"

Muntari ya leƙo. "Kamar sau shidda."

"Baba Tsoho hwa?"

"Sau guda, in za a gabatar da shi."

"Ni na ƙirga nawa, ashirin da bakwai." Namadi ya mayar da tabarau, ya jingina da buhu, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "To, ku hwaɗa mini tsakaninku da Allah, waƙar wa ce?"